Rage Girman Robar Mama: Jagora Ga Mai Shirin Komawa Ɗakin Tiyata

Matan da aka sa wa robar mama ba su da yawa a Jalingo, kuma ba sa shela. Wasu a Legas ko Abuja aka yi musu, wasu a Alƙahira, Dubai ko Istanbul, wasu kuwa ciwon daji ne ya sa aka cire mama ɗaya aka maye shi da roba. Aikina jinya ne a ɓangaren tiyata, kuma a Nukkai nake zaune, don haka maganar kan iso mini a kaikaice: "Anti, wata ƙawata ce ta ce in tambaye ki." Ƙorafin kusan iri ɗaya ne. Robar ta yi girma, wuya da gadon baya suna ciwo, igiyar rigar mama ta yi rami a kafaɗa, ƙasan mama yana ƙuraje da zafi, ga idon jama'a a gidan biki. Ana so a dawo daidai, yadda ba wanda zai gane an taɓa wurin.

Kuskuren ma iri ɗaya ne. Ana ɗauka likita zai buɗe, ya zaro babba, ya tura ƙarama, ya ɗinke, a watse. Alhali sauya robar shi ne mafi sauƙi a aikin. Wahalar tana ga abin da babbar roba ta bari a baya, wato gurbin da ta buɗa a ƙirji da fatar da ta miƙar shekara da shekaru. Wadda ta rame ba ta mayar da tsohuwar rigarta sai tela ya rage ta, kuma a nan gurbin da fatar su ne rigar. Wadda ta riƙe wannan za ta san abin da za ta tambayi likita, ta kuma gane likitan da ke yi mata daɗin baki.

ABIN DA ZA KI TANADA

Katin robar da aka sa miki tun farko, da rahoton aikin idan kina da shi.
Sakamakon hoton mama da na gwajin jini.
Jerin duk abin da kike sha ko shafawa, har na gargajiya da kayan mata.
Rigar mama biyu marasa ƙarfe, masu maɓalli a gaba, da riguna masu buɗewa ta gaba.
Ma'aunin zafin jiki.
Mace ɗaya da kika amince da ita, wadda za ta zauna da ke mako biyu na farko.
Masauki kusa da asibitin da za a yi aikin.
Kuɗin aiki, da wani kaso a gefe na ko-ta-kwana. Da dala ake sayen roba, don haka farashin da aka faɗa miki bara ya tashi aiki.

1. Ki san abin da ke cikin ƙirjinki

Kowace roba tana zuwa da kati mai ɗauke da sunan kamfani, lambar robar, da girmanta a ma'aunin cc. Ki nemo shi ko da sai kin rubuta wa asibitin da ya yi miki aikin. Abu huɗu ake son sani: ruwan gishiri ne a ciki ko silikon, bayanta santsi ne ko kaushi, cc nawa ce, kuma a saman tsokar ƙirji aka ajiye ta ko a ƙarƙashi.

Ba don ado ake neman katin ba. Tun da likitoci biyu, Thomas Cronin da Frank Gerow, suka sa robar silikon ta farko a Houston ta Amurka a 1962, an sha janye wasu daga kasuwa. A 2010 Faransa ta haramta robar kamfanin PIP bayan an gano silikon na masana'antu ake ɗura mata, kuma tana fashewa fiye da sauran. A watan Yulin 2019 kamfanin Allergan ya janye robarsa mai kaushi ta Biocell a duniya baki ɗaya, saboda alaƙarta da wani nau'in ciwon daji da ke tasowa a naman da ke kewaye da robar. Ciwon ba shi da yawa, amma idan irin waɗannan ce a jikinki tsarin aikin zai sauya, kuma gara likita ya sani tun kafin ya ɗauki wuƙa.

Wadda kuwa allura aka yi mata, aka ɗura wani ruwa kai tsaye cikin mama a shagon gyaran jiki, wannan jagorar ba tata ba ce. Abin da aka ɗura ya gauraye da nama, babu wata roba da za a zaro. Ta nemi likita da wuri, ta faɗi gaskiyar abin da aka yi.

2. Hoto kafin komai

Robar ruwan gishiri idan ta huje takan sace cikin kwanaki, ki gani da idonki. Ta silikon kan tsage shiru, ba ciwo ba alama. Shi ya sa hukumar FDA ta Amurka ke ba da shawarar a yi sikanin ko hoton MRI bayan shekara 5 zuwa 6 da sa robar silikon, sannan duk bayan shekara 2 zuwa 3. Ki fara da sikanin da gwajin jini a nan gida, a asibitin FMC ko Asibitin Ƙwararru na jiha, kafin ki kashe kuɗin mota. Idan kin kai shekara 40, ko akwai ciwon dajin mama a danginku, ki yi mamogiram, kuma ki gaya wa mai ɗaukar hoton akwai roba, domin akwai yadda ake tura ta baya a ga naman da kyau. Duk wani ƙullutu da aka gani, shi za a fara bincika, gyara ya jira.

3. Zaɓen likita

Aiki na biyu ya fi na farko wuya, don a kan tabo ake yinsa. Ki nemi likitan tiyatar gyaran jiki mai rajista da hukumar likitoci ta MDCN, wanda ya gama horon ƙwarewa a fannin. Irin waɗannan likitoci suna da ƙungiya a Nijeriya mai suna NAPRAS. Akwai sashen wannan tiyata a asibitin koyarwa na Jos, da na Shika a Zariya, da na Malam Aminu Kano, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Ko a asibitin kuɗi za ki yi, ganin likita ɗaya a irin waɗannan wurare don jin ra'ayi na biyu ba asara ba ne.

Tambayoyin da za ki yi: Wa zai ba ni maganin barci, likita ne ƙwararre a fannin? Akwai jini da ɗakin kula da wanda ya galabaita idan abu ya ɓaci? Ka nuna mini hotunan waɗanda ka rage wa roba, masu irin fatata, bayan shekara guda. Idan sai an sake gyara, wa zai biya? Hoton da aka ɗauka kwana uku da aiki aka ɗora a Instagram ba hujja ba ne, kumburi ne kawai ke riƙe da komai.

Kada kuma ki ɗauka ƙasar waje tana nufin tsira. A watan Oktoban 2005 uwargidan shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, ta rasu a Marbella ta ƙasar Sifen bayan tiyatar rage kitse, kuma a 2009 kotu a can ta samu likitan da laifin sakaci. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma tsada ma ba ta ba da tabbaci. Ni dai na fi son likitan da za ki iya komawa wurinsa cikin yini guda.

4. Awo, ba harafin rigar mama ba

"Ina so in koma C" ba awo ba ne, domin C na wannan kamfani D ne a wancan. Da cc ake magana. Ledar fiyawata cc 500 ce, nauyinta rabin kilo, to wadda ke da roba mai cc 500 a kowane ɓangare kilo guda take ɗauke da shi dare da rana, ban da nata naman. A ƙiyasi, cc 150 zuwa 200 ne ke sauya harafi ɗaya. Ragin da bai kai cc 100 ba da wuya ido ya gan shi, kuma bai cancanci maganin barci da sabon tabo ba.

Likitan kirki zai sa ki tsaya, ya auna faɗin gindin maman da santimita, ya auna daga ramin wuya zuwa kan nono, ya kuma tsunkuli naman saman mama ya ga kaurinsa. Faɗin nan shi ne ke yanke hukunci. Idan sabuwar roba ta fi ƙirjin ƙanƙanta sosai a faɗi, tsakiya zai yi fili, maman biyu su nisanci juna. Dabarar da aka fi yi ita ce a bar faɗin kusa da yadda yake, a rage tudun. Roba mai ƙaramin tudu ita ke ba da gangarowar nan ta halitta, maimakon cikar sama da ke tona asiri ko an sa hijabi. Idan kuma naman da aka tsunkula bai kai santimita 2 ba, yawanci a ƙarƙashin tsoka ake ajiye robar, don kada gefenta da lanƙwasarta su riƙa bayyana a fata.

Mai robar ruwan gishiri tana da wata dama. Likita na iya zuƙe ruwan da allura makonni kafin aikin, a ga iya inda fatar za ta koma da kanta da kuma yawan naman da ya rage. Wasu a nan suke gane ba sa bukatar wata roba ko kaɗan. Cirewa gaba ɗaya zaɓi ne, kuma ki tambaya a kansa ko likita bai ambata ba, domin kowace roba tana da ranar lalacewa, wadda ta sa sabuwa ta yi alkawarin wata tiyatar nan gaba ke nan. Akwai kuma masu cire robar a cike saman da kitsen da aka zuƙo daga ciki ko cinya, sai dai jiki kan shanye wani kaso na kitsen cikin watanni.

5. Gurbi da fata

Nan ne zuciyar aikin. Duk abin da aka sa a jiki, jiki yana saƙa masa kube na naman tabo, wanda likitoci ke kira kafsul. Kuben babbar roba ya yi wa ƙarama yawa. Idan aka tura ƙarama ciki haka nan, za ta riƙa yawo: ki kwanta ta zame hammata, ki tashi ta gangara ƙasa, kan nono ya koma yana kallon sama. Maganinsa a ɗinke kuben daga ciki, gefe da ƙasa, har ya zama daidai da sabuwar roba, ko kuma a buɗe sabon gurbi. Ki tambayi likita kai tsaye, "Yaya za ka yi da gurbin?" Wanda ya ce ki bari zai haɗe da kansa, alhali ragin mai yawa ne, ki nemi wani.

Wani lokaci kuben ne kansa matsalar. Yakan yi kauri ya matse robar har mama ya yi tauri, ya haura sama, ya riƙa ciwo. Ana auna wannan da mataki huɗu na Baker. A mataki na 3 siffa ta sauya, a na 4 ga ciwo. Irin wannan kube cire shi ake yi, wani sashe ko duka, haka ma idan silikon ya tsiyaye. Amma kube mai laushi marar matsala ba dole ne a ɓanɓare shi duka ba, musamman inda ya manne da haƙarƙari, domin huhu na can ƙasa kaɗan kuma zubar jini na ƙaruwa. Abin da aka cire a kai shi ɗakin gwaji.

Sai fata. Ki tsaya gaban madubi ki dubi lanƙwasar da ke ƙarƙashin maman. Idan kan nono yana sama da ita, fatarki na da ƙarfi, ragin kuma kaɗan ne, mai yiwuwa sauya roba da gyaran gurbi sun isa. Idan yana daidai da ita ko ƙasa, rage roba kawai zai ƙara zubar da maman, sai an haɗa da aikin ɗagawa, wato a yanke rarar fata a mayar da kan nono sama. Yankan iri uku ne: zagaye a bakin baƙin da ke kewaye da kan nono, zagayen da layi ɗaya da ya sauka ƙasa, ko waɗannan biyun da wani layi a cikin lanƙwasa. Yawan fatar da za a cire shi ke zaɓar yankan, ba son ranki ba. Mata da yawa kan ƙi aikin ɗagawa don gudun tabo, bayan wata shida su dawo suna neman sa, an biya sau biyu an sha maganin barci sau biyu.

Duk da haka tsoron tabon ba shirme ba ne. Baƙar fata ta fi saurin yin tabon nan mai tsiro, kiloyid, kuma ƙirji na daga inda ya fi so. Ki nuna wa likita hujin kunnenki, tabon tiyatar haihuwa, da tabon aikin farko. Sannan ki sani jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan nono an riga an taɓa su sau ɗaya. Cire babbar roba da yin ɗagawa mai yawa a rana guda na iya sa kan nono ya rasa jini ya mutu. Idan likita ya ce a raba aikin biyu da tazarar watanni, ba lallai kuɗi yake nema ba.

6. Shirya jiki da zaɓen lokaci

Abu biyu ne mata suka fi ɓoyewa, kuma su ne suka fi ba mu wahala. Na farko man bilicin. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid mai sa fata ta yi siriri, ɗinki ya ƙi kamawa, rauni ya buɗe. Ki daina watanni kafin aiki, ki kai kwalbar likita ya gani. Na biyu ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe, waɗanda galibi akwai dezametason a cikinsu. Wannan kada ki yanke shi rana ɗaya da kanki, a hankali ake janye shi, kuma idan mai ba da maganin barci bai san kina sha ba, jininki na iya faɗuwa a kan gadon tiyata.

Sigari da shisha a bar su aƙalla mako 4 kafin aiki da mako 4 bayansa, don nikotin na tsuke ƙananan jijiyoyin da kan nono ya dogara da su. Asfirin, ibuprofen, diclofenac da jiƙe-jiƙen gargajiya suna iya ƙara zubar jini; likita zai faɗa miki ranar dainawa. Ki ambaci ƙwayar tazarar haihuwa saboda daskarewar jini. Mai ciwon suga ko hawan jini sai sun daidaita, mai sikila kuma a babban asibiti kaɗai.

Idan kina shayarwa, ki jira kamar wata 6 bayan yaye. Idan kina sa ran ciki nan kusa, ki ɗaga aikin, domin ciki da goyo za su sake sauya maman, kuma yankan da ya zagaye kan nono na iya rage ruwan nono. Mai shirin rage ƙiba ta gama tukuna. A yanayin Jalingo, zafin Maris da Afrilu mugun lokaci ne ga ɗinkin da ke cikin lanƙwasa, gumi ba ya barin sa ya bushe. Nuwamba zuwa Janairu ya fi. Kada kuma ki sa shi gab da azumi ko bikin ƙanwarki. Wadda zuciyarta ke ɗar-ɗar kan hukuncin addini ta tambayi malaminta tun yanzu, ta bayyana masa ciwon da take sha, ba sai ta kwanta a gadon asibiti ba.

7. Ranar aiki

Babu abinci awa 6 kafin maganin barci. A tsaye likita zai zana layukan yanka a jikinki. Ki duba a madubi, ki sake jin cc nawa aka shirya. Aikin kan ɗauki awa 1 zuwa 3. Kina iya farkawa da siririn tiyo mai tsotse ruwa a kowane gefe. Kafin sallama ki karɓi sabon kati da rahoton aiki, ki ɗauke su a waya.

8. Hanyar gida da mako shida na farko

Kada ki kamo hanyar Jalingo washegari. Ki zauna kusa da asibitin har likita ya cire tiyo ya duba raunin, mako ɗaya zuwa biyu. Daga Abuja ta Lafiya da Makurɗi da Wukari tafiyar yini ce, ga ramuka, kuma dogon zama bayan tiyata na daskarar da jini a ƙafa. Ko ta filin jirgin Danbaba Suntai za ki sauka, sai da izinin likita. A mota ki riƙa sauka kina takawa, ki sha ruwa. Tun kafin tafiya ki shirya da wani likita ko ma'aikaciyar jinya a nan gida da za ta riƙa duba ɗinkin, ki haɗa ta da likitan can a waya. Wannan ne matakin da masu ɓoye aikin ke tsallakewa, sai rauni ya ɓaci a rasa wanda za a tunkara.

Ɗinkin cikin gurbi yana bukatar kamar mako 6 kafin ya kama. A wannan lokaci rigar mamar nan dare da rana, kwanciya rigingine, babu goyo, babu daka, babu jan guga ko ɗaukar jarka, babu wankin hannu. A keke napep ki rungume ƙirji da matashi. Salla a zaune idan sujada na ja miki ɗinki. Amma ki riƙa tattaki a tsakar gida tun ranar farko.

Kuma don Allah kada a gasa wurin. Ruwan zafi da tawul irin na jego ba na nan ba ne: fatar ba ta ji sosai bayan tiyata, za ta ƙone ba ki sani ba. Man zafi, man kaɗanya, zuma, garin kafso, ko ɗaya kada ya taɓa raunin da bai rufe ba.

9. Abin da ba ya jiran wayewar gari

Mama ɗaya ya kumbura ya yi tauri fiye da ɗayan cikin kwana biyun farko: jini ne ke taruwa. Kan nono ya yi sanyi ko launinsa ya sauya. Zazzaɓi daga digiri 38, da zafi a wurin, da ruwa mai wari. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, da bayan hannu za ki ji. Kada ki yanke cewa maleriya ce ki tura yaro kemis, a gwada jinin a kuma buɗe raunin a duba, domin ƙwayar cuta idan ta kama roba sau da yawa sai an cire ta. Ciwo da kumburi a sha-raɓa ɗaya, ko numfashi ya riƙa yankewa: asibiti mafi kusa, nan take.

Siffar gaskiya ba ta fitowa sai bayan wata 3 zuwa 6, tabo kuma kan kai shekara ko shekara da rabi kafin ya kwanta, don haka kada ki yanke wa aikin hukunci a makon farko. Da zarar raunin ya rufe a fara manna filastar silikon ko shafa man silikon na tabo, watanni a jere. Tabon da ya fara tasowa yana ƙaiƙayi a nuna shi da wuri, akwai allurar da ake yi masa tun yana ƙarami. Idan kuwa bayan shekara ɗaya ko fiye mama ɗaya ya kumbura haka kawai, musamman ga wadda ta taɓa ɗaukar roba mai kaushi, a zuƙo ruwan a kai ɗakin gwaji, kuma ki ce a duba CD30, alamar ciwon dajin nan da aka ambata tun farko.